Ranar da Aka Dafa Tilo a Gidan Hedimasta

"Ba a kaskona ba, Bernice. Ba kuma a turmina ba."

Mama Martha ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga accar da take rairaya ba. Bernice ta tsaya a ƙofar kicin da ƙullin farin ƙyalle a hannu. Da a ce bara ne, da ta yi kuka. Da bara waccan ne, da ta yi gardama. Yau kam numfashi kawai ta ja.

"Na sayi nawa kaskon jiya a kasuwa, Mama. Turmi kuma na aro ƙarami a gidan Maman Afiniki. Garwashi kawai nake so."

"Ɗebi. Ai ba na rowar wuta."

Bernice ta sunkuya ta kwashi garwashi a murfin tsohuwar tukunya. Har ta juya za ta fita, muryar uwar ta sake tsayar da ita.

"Wilfred ma zai zo. Ni na aika masa."

"Mama, Baba ya ce yau Leonard kaɗai za a saurara."

"Babanki yana da falonsa, ni ma ina da baƙona. Ko gidan ya daina zama nawa?"

Bernice ta fita da garwashinta. Ta zagaya bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, ta jera duwatsu uku.

Bernice ita ce babbar 'yar Malam Andrawus, tsohon hedimasta, wanda tun da ya karɓi fensho idanunsa suka fara dushewa. Ita ma koyarwa take a makarantar firamare a nan Kafanchan. Ta doshi talatin. Ƙanwarta Emilia ta yi aure har ta yaye na biyu, matan zumuntar majami'a kuwa sun daina tambayarta yaushe za a sha biki, sai dai su riƙe hannunta bayan sujada su ce suna sa ta a addu'a.

Ba manema ta rasa ba. Wanda take so ne uwarta ta rantse ba zai shigo zuriyarta ba.

Abin da ya fi ciwo, a da can babu yaron da Mama take so a waje kamar Leonard. Ɗan Kagoma ne da aka kawo karatu Kafanchan, ya zama aminin Silvanus, yayan Bernice. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. Mama da hannunta take ɗinke masa wandon makaranta. Da yaƙin basasa ya tashi, rana ɗaya suka shiga soja su biyun, jirgi ɗaya ya kwashe su daga tashar garin nan zuwa kudu. Da aka gama yaƙi, Leonard ya sauko daga jirgi yana ɗingishi. Silvanus bai sauko ba, ko gawarsa ba a kawo ba.

Tun daga ranar Mama ta yanke hukuncinta: Leonard ne ya zuga mata ɗa. Bernice ta san ba haka ba ne, don tun Silvanus yana ƙarami yake saɓa karan dawa a kafaɗa yana fareti a tsakar gida. Amma wa zai iya gaya wa uwa haka? Shi kuma Leonard bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Wannan shirun nasa ma ya gajiyar da ita.

Ta kwance ƙullin a kan cinyarta.

Ɗanyen kofi ne, wanda Hausawan arewa ke kira gahawa, launinsa tsakanin kore da toka. Marigayi mahaifin Leonard ya yi kuku a gidan wani Bature, daga can ya samo irin, ya dasa a gangaren dutse a bayan gidansu, a inuwar ɗorawa. Duk Kagoma dariya ake yi wa wannan gona, tunda kowa citta yake nomawa yana rufin kwano. Leonard ya dawo daga yaƙi ya tarar ciyawa ta cinye itatuwan, ya durƙusa da gurguwar ƙafarsa ya raya su.

Amma wannan ƙullin ba irin kofin da yake kaiwa kanti a Jos ba ne. Ƙwayoyin ƙanana ne, kewayayyu kamar gujiya, babu mai fuska a baje ko ɗaya. Tilo yake kiransu. A cikin kwando guda da ƙyar ake samun tafin hannu. Sai ya zauna da faifai ya karkata shi, masu zagayen su gangaro, sauran su tsaya, sannan ya bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bernice ta san abin da ke cinyarta aikin kaka guda ne cur.

Kaskon ya yi zafi. Ta zuba, ta shiga juyawa da ludayin itace.

"Rage wutar, Malama. Zai ƙone ta waje, cikinsa ɗanye."

Ta ɗago. Leonard ne a bayan dangar, ya jingina kekensa da bishiyar gwanda. Yana sanye da farar rigar nan tasa guda ɗaya mai dogon hannu, wuyanta ya fara cinyewa saboda guga. Ya rame. Ƙurar jar ƙasa ta hau takalminsa har idon sawu.

Ta ja garwashi biyu gefe. "Ka zo da wuri."

"Na ji tsoron hadari. Ina gajiya?"

"Gajiya kam tana nan."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin da bai kai ido ba. Suka tsaya suna sauraron ƙwayoyin suna gangara a kasko kamar tsakuwa. Ba sa kwanciya a gefe ɗaya, shi ya sa suke gasuwa daidai. A hankali koren ya koma rawaya, rawayan ya koma kalar ƙasa, warin ɗanyen haki ya gushe, ƙamshi kamar na burodi mai zafi ya maye gurbinsa. Can sai suka fara fashewa, ƙas, ƙas, kamar gugguru.

"Yanzu ki ƙirga a ranki kaɗan," ya ce. "Kada ki bari ya yi maiƙo. In ya yi baƙi, ɗaci kawai za a ji, duk abin da dutsen ya ba shi ya tafi."

"Na sani, Leonard. Kai ka koya mini."

Ta sauke ta juye a faifai, tana fifitawa, ɓawon yana tashi kamar fukafukan gara.

"Wilfred zai zo," ta ce ba tare da ta dube shi ba.

Ya dubi faifan da ke hannunta.

"Mutumin kirki ne," ya ce daga baya.

"Ban tambaye ka ba."

"Bernice, bari in gaya miki tun kafin mu shiga. Kawuna ya ce shi ya gama zuwa gidan nan. Ya ce gemunsa ya yi fari, ba zai sake zama a tabarmar wani a bar shi da ruwa a moɗa ba. Ni ma..." Ya dubi ƙafarsa. "In yau aka ce a'a, ba zan sake zuwa ba. Ba fushi ba ne. Ƙafar ce ta gaji da hanyar."

"Ƙafar ce kawai?"

Ya kau da kai. Daga gaban gida suka ji ƙarar mota ta tsaya, aka rufe ƙofarta a hankali, irin rufewar wanda ya san darajar abinsa.

*

Falon Hedimasta ƙarami ne. Kujerun katako masu matashi, rediyo a kan kabad, kalandar ikilisiya, sai hoton Silvanus cikin kakin soja da aka rataye sama da ƙofar ɗaki. Baba yana zaune a kujerarsa, sandarsa tsakanin ƙafafu. Wilfred yana damansa cikin kwat mai ruwan toka, mabuɗin Fijonsa a kan gwiwa. Ɗan wani dattijon ikilisiya ne, babban ma'aikaci a ma'aikatar gona a Kaduna. Duk ƙarshen wata yakan zo da burodi da maganin ciwon ƙafar Mama, ya gaisa, ya koma, bai taɓa matsa wa Bernice ba. Da ma mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

Leonard ya ƙi kujera. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

Mama ta shigo ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta ba shi baya rabi. Ya gaishe ta. Ta amsa wa bango.

Bernice ta shigo da tire. Ta riga ta daka kofin a turmin da bai taɓa ganin barkono ba, bai yi laushi kamar gari ba, ɗan tsaki-tsaki kamar garin kwaki. Ta ɗaura farin ƙyalle a bakin butar tangaran, ta zuba garin a ciki. Ruwan ta sauke shi tun a waje, ta bar shi ya daina tafasa ya huce fushinsa. Ta ɗiga kaɗan tukuna. Garin ya kumbura ya yi kumfa, ƙamshi ya cika ɗakin har Baba ya ɗaga hanci. Sannan ta ci gaba da zubawa siriri, tana zagayawa.

Ta miƙa wa Baba kwaf na farko a durƙushe.

"Ina suga da madara?"

Leonard ya ce, "Baba, in ka yarda, ka fara kurɓa haka tukuna. In bai yi ba sai a sa."

Tsohon ya hura, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Kowa ya zuba masa ido. Ya haɗiye, ya sake kurɓa.

"Wannan ba irin na gwangwani ba ne."

"A'a, Baba."

"Akwai ɗan tsami a gaba, kamar an matsa lemo daga nesa. Amma ba ya cizo." Ya tauna bakinsa. "Bayan ya wuce kuma sai ka ji kamar zuma ta bi ta wurin. Me ka sa a ciki?"

"Babu komai, Baba. Ƙasar ce. Duk daga gangare ɗaya ne, na saman dutse. Muna da wasu itatuwa a ƙasa kusa da rafi, amma ba na haɗa su. Na rafi ya fi nauyi, ɗanɗanonsa kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa. In an gauraya sai kowanne ya ɓace."

Wilfred ya karɓi nasa, ya kurɓa, ya gyaɗa kai a hankali. "Gaskiya na sha kofi a wurare, har lokacin da aka tura mu kwas tsaunin Mambila, inda ake nomansa. Wannan yana da kyau ƙwarai, Leonard. Ban faɗa don ladabi ba."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Bernice ta kai wa Mama nata. Mama ba ta miƙo hannu ba, sai ta ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarta.

Wani ɗan haske ya fara shigowa zuciyar Bernice, ta yi maza ta danne shi. Ta sha ganin irinsa.

Baba ya ce, "Bernice ta ba ni ƙwayar na shafa ɗazu. Na ji ta a dunƙule. Kofin da na sani yana da ciki a baje, kamar an raba gyaɗa biyu."

"Haka ne, Baba. Kowane ɗan itacen kofi, in ka ɓare shi, ƙwaya biyu za ka tarar suna fuskantar juna. Amma jefi-jefi, musamman a ƙarshen reshe, sai ka tarar da guda ɗaya. Ɗayar ba ta yi ba tun tana fure. To, wadda ta rage sai ta samu fili ta dunƙule, duk abin da itacen ya aiko ita kaɗai take sha. Shi ya sa mahaifina yake cewa ta fi..."

"Tsaya."

Mama ce. Ta juyo gaba ɗaya, karo na farko cikin shekaru ta dubi Leonard ido cikin ido.

"Maimaita. Biyu ne a ciki?"

"E, Mama."

"Ɗaya ta mutu."

"Ba mutuwa ba ce sosai, Mama, ba ta dai..."

"Ɗaya ta mutu, ɗayar ta cinye rabonta ta yi ƙiba. Shi ne ka tsince su ɗaya-ɗaya, ka ƙullo, ka kawo mini har ɗakina in sha in ce da daɗi?"

"Martha," in ji Baba.

"Bar ni, Baban Silvanus! Shekara nawa ina shiru?" Muryarta ta tsage. Ta nuna hoton da ke sama da ƙofa. "Ku biyu na raka tasha. Ku biyu na soya wa gyaɗa na ƙulla a ƙyalle. Na riƙe hannunka, kai, na ce Leonard, kai ne mai hankali, ka kula mini da shi. Ka ce to Mama. Ka ce to! Ina yake? Ka ci tuwona, ka sha kununa, ka kai mini ɗa inda ko kabarinsa ban sani ba, yanzu ka dawo kana son ka ɗauke wadda ta rage mini a gida?"

Daga nan Hausa ta gagare ta, ta juya zuwa yarensu na Kaje, tana kiran sunan Silvanus na gida, sunan da ba a ƙara furtawa ba tun da aka yi addu'ar rasuwarsa. Ƙafarta ta bugi kwaf ɗin, kofin ya malale a siminti ya nufi inda Leonard yake zaune.

Bai janye ƙafarsa ba.

Bernice ta dube shi, idanunta suna roƙonsa: ka yi magana, ko sau ɗaya, ka ce wani abu. Leɓensa ya motsa. Sai kawai ya dafa bango ya miƙe, ya sake rusunawa da ƙyar a gaban Baba.

"Baba, na gode da ka saurare ni. Mama, Ubangiji ya ba ki haƙuri. Ranka ya daɗe, a sauka lafiya."

Ya fita.

*

Sai kusa da layin dogo ta cim masa. Bai hau keken ba, turawa yake. Hadari ya haɗu ta wajen Kagoro, iska tana kaɗa ganyen rogo.

"Leonard! Ka tsaya mana!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mata ba? Me ya sa ba za ka ce shi ya ja ka ba? Ni na san shi ya ja ka! Ina tsaye ranar da ya ce maka matsoraci a bayan makaranta!"

"In faɗa mata don me?"

"Don ni!" Hawayen da ta yi zaton sun ƙafe suka ɓalle. "Don ni, Leonard. Kullum kai ne mai haƙuri, kai ne mutumin kirki, ni ce ake bari a tsakiya. Ina kwana da kukanta, in tashi da shirunka. Yara suna karatu a gabana, ni ban san me suke faɗa ba. Ka taɓa tunanin ni ma mutum ce?"

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Bernice, matar nan abu ɗaya ya rage mata: ɗanta yaron kirki ne, wani ya yaudare shi. Da shi take tashi da safe. In na ƙwace wannan, me zan ba ta a madadinsa? Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta ce in kula da shi, na ce to."

"Yaƙi ne! Wa yake iya kula da wani a yaƙi?"

"Na sani. Amma na ce to."

Ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Wani jirgin kaya yana ta kai da kawowa a tasha, ƙarfe yana bugun ƙarfe.

"Akwai wani da muka yi soja tare," ya ce a hankali. "Yana Fatakwal, ya ce akwai aikin gadi a kamfaninsu. Na daɗe ina ce masa ya dakata. Zan bi jirgin jibi."

"Itatuwan fa?"

"Kawu ya daɗe yana son wurin. Zai sare ya sa citta."

"Itatuwan babanka, Leonard? Waɗanda ka yi rarrafe ka raya?"

"Na raya su ne don in samu abin da zan nuna a gidanku. Na nuna." Ya gyara riƙon keken. "Ki auri Wilfred. Ba zai wulaƙanta ki ba, Mama kuma za ta yi barci."

"Kai ma aurar da ni za ka yi? Kowa ya san wanda ya dace da ni, ban da ni?"

"Na gaji, Bernice."

"Ni ma na gaji. Amma ni ban ce zan shiga jirgi ba."

Ya dube ta kamar zai miƙo hannu, sai ya fasa. Ya ɗora gurguwar ƙafar a kan feda, ya tura da mai lafiyar. Ta tsaya tana kallon farar rigar tana ƙanƙancewa a kan hanyar Kagoma har yayyafi ya fara sauka a kafaɗarta.

*

Da ta dawo, Wilfred yana tsaye a baranda, hannu a aljihu.

"Malama," ya ce da ƙaramar murya, "Allah ya sani ban san abin da aka kira ni in gani ke nan ba. Da ban zo ba."

"Na sani, Wilfred. Ba laifinka."

Ta wuce ciki. An goge simintin. Baba yana nan inda ta bar shi, shi kaɗai, ya lalubo butar da kansa ya tsiyaye sauran kofin a kwaf ɗinsa.

"Ke ce, Bernice?"

"Ni ce, Baba."

"Ya huce, amma zaƙin ya fi fitowa yanzu. Zauna."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Daga cikin ɗaki ana jin motsi, ana buɗe akwati ana rufewa.

"Na koyar da yara fiye da yadda zan iya tunawa," in ji shi. "Na san yaron da yake shiru don yana da laifi, na san wanda yake shiru don kada wani ya ji ciwo. Idona ya tafi, kunnena bai tafi ba." Ya ajiye kwaf ɗin. "Laifina ne da na bar abin ya kai haka. Ina ta cewa bari ta huce, bari ta huce, har ke kika fara tsufa a gabana. Na rasa ɗa ɗaya ban ga gawarsa ba. Ba zan zauna ina ji ana binne mini 'ya da ranta a cikin gidana ba."

Bernice ta ɗago.

"Ki aika wa yaron nan. Ya gaya wa kawunsa ni Andrawus na ce ya yi haƙuri ya sake takowa. Wannan karon ba zai koma da ruwa a moɗa ba. Na ba shi."

Maganar da ta yi shekaru tana jira ke nan. Ta sha raya yadda za ta yi in ta ji ta: za ta yi guɗa, za ta faɗi ta rungume ƙafafunsa. Yanzu ga ta ta zo, ita kuwa ko yatsa ta kasa ɗagawa.

"Mama ta sani?"

"Na gaya mata kafin ki shigo."

Labulen ɗaki ya ɗaga. Mama Martha ta fito sanye da zanen zumuntar mata, akwatin ƙarfe a ka, Littafi Mai Tsarki a hammata. Fuskarta ta bushe, babu sauran hawaye. Ta ajiye akwatin, ta taka kujera, ta sauke hoton Silvanus daga ƙusa, ta goge gilashin da bakin zaninta.

"Mama, ina za ki?"

"Fadan Kaje, gidan yayana. Inda aka ɗauko ni."

"Mama, don girman Allah..." Bernice ta rarrafa ta kama ƙafarta. "Ki zage ni, ki doke ni, amma kada ki fita. Me mutane za su ce? Me za a ce a majami'a gobe?"

"Su faɗi abin da suka ga dama. Babanki ya ba da ke, ikonsa ne, ban hana ba. Ki yi aurenki. Ki haifi 'ya'ya, Allah ya raya. Amma ba zan zauna a gidan da za a kawo yaron nan a ce in kira shi ɗana ba. Na taɓa kiransa haka sau ɗaya." Ta zare ƙafarta a hankali, ba da fushi ba. "Sake ni, Bernice. Ni ma na gaji."

"Martha," in ji Baba, "shekara nawa muna tare, ba ki taɓa yin yaji ba. Yanzu da furfura?"

"Ba yaji ba ne, Baban Silvanus. Mai yaji yana jiran biko."

Ta ɗauki akwatin ta fita baranda. "Wilfred, ɗana, ka taimake ni ka sauke ni a Fadan Kaje. In ba za ka iya ba, in taka."

Wilfred ya dubi Bernice ta ƙofa, fuskarsa cike da neman gafara. Ruwa ya riga ya sauko sosai. Ba yadda zai bar tsohuwa ta kama hanya da kaya a ka. Ya karɓi akwatin ya sa a but, ya buɗe mata gidan gaba.

Bernice ta tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana. Mama ba ta waiwayo ba. Hoton ne kawai a rungume a ƙirjinta, fuskarsa tana kallon waje ta gilashin da ruwa ke bi.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

"Ya tafi da nisa?" Baba ya tambaya daga ciki.

"Ya ce zai bi jirgin jibi zuwa Fatakwal, Baba. Bai san ka yarda ba."

"To. Uwarki tana gabas, shi yana yamma, ke kuma ƙafa biyu gare ki, kuma ba sa rabuwa, duk hanya ɗaya suke bi. Ni ba zan zaɓa miki ba."

Ta jingina kanta da ƙyauren. Ta tuna hannun da ya yi mata kitso tun tana ƙarama, ya riƙe goshinta duk lokacin da zazzaɓi ya kama ta. Ta san in ta kwana biyu ba ta bi sawun uwarta ba, har abada za a ce ta zaɓi namiji ta bar wadda ta haife ta, kuma Mama ba za ta manta ba. Ta san kuma jirgi ba ya jiran kowa.

"Gobe in an tashi sujada zan tafi Kagoma," ta ce, muryarta a dushe. "Daga can in wuce Fadan Kaje, in durƙusa a ƙofar kawuna. In Mama ta kore ni in koma. In ta sake kora in sake komawa."

Baba ya gyaɗa kai. Can ya laluba ya samu sandarsa.

"To ki hura wuta ki dafa mana accar da ta bari," ya ce. "Ki ci da yawa. Hanyar da kika ɗauka ba ta kwana ɗaya ba ce."